Wa zai rubuta tarihin duwatsunmu?

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanaki wani manomi a wajen Musawa ya ba ni labarin yadda garmarsa ta tono tsofaffin tukwane da wani kan mutum na yumɓu. Na ce ina suke? Ya ce yara sun farfasa, ai gunki ne. Ban ga laifinsa ba wallahi, don babu wanda ya taɓa gaya masa amfaninsu.

Ku duba Durɓi-ta-Kusheyi a ƙasar Mani. Baturen mulki Palmer ne ya fara tona kusheyin a 1907, aka sake haƙa a 1992, aka samu tasoshin tagulla da zinariya da hauren giwa. Da za a gyara kayan, sai da aka kai su birnin Mainz na Jamus. Haka zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe a Birnin Kudu, sai da Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950 sannan duniya ta san da su, alhali mutanen garin sun tashi sun tarar da abinsu.

To yau wane masani ne zai taso daga Turai, ko ma daga Zariya, ya shiga dajin Musawa ko Matazu da wannan rashin tsaro? Wanda ke kusa da dutsen shi ne manomi da makiyayi da ɗan makaranta. Masu fasa dutse da dillalan kayan tarihi kuwa ba sa jiran zaman lafiya.

Ni a ganina Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su zo su ɗauki matasa biyu-uku a kowace gunduma. A koya musu ɗaukar hoto da ma'auni a gefe, da ɗaukar lambar wuri a waya, da rubuta abin da dattawa suka sani kan kufai, da hana shafa ruwa ko alli a kan zane. Kuma a biya su, ko kaɗan ne. Na san halinmu na ma'aikata: bita a otal, a raba alawus, a watse. Ba ita nake nufi ba.

Masu cewa gumaka ne, ba bauta aka ce a yi ba, rubutawa za a yi. Wanda ya san wani kufai ko dutse mai zane a yankinsu, ya faɗa mana sunan garin kawai a nan ƙasa, kada ya kwatanta wurin, ɓarayi ma suna karantawa.