Macen Da Ta Auna Dutsen Riruwai

Duk wanda ke zaune Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san yadda haƙa rijiyar burtsatse ya zama ruwan dare. Mutum ya tara kuɗi da gumin goshinsa, ya kirawo masu inji, su yini suna huda ƙasa, wani sa'i a tashi ba kome sai ƙura. Dalili kuwa, birnin Kano bisa fā yake zaune, ruwa ko ba ya kwanciya cikin fā sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Wanda ya haƙa bai auna ba, caca ya yi.

To, akwai ilmin da ke gano abin da ke ƙarƙashin ƙasa tun ba a sa diga ba, cikin magabatansa a ƙasar nan kuwa har da mace, ita ce Farfesa Deborah Ajakaiye. An haife ta a Jos cikin 1940. Ta ƙare karatun fiziks a Ibadan cikin 1962, ta ƙaro ilmi a Birmingham ta Ingila, kana ta sami digirin dakta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1970, inda ta daɗe tana koyarwa. Cikin 1980 ta zama farfesa, ita ce mace ta fari da ta kai wannan daraja a fannin fiziks duk Afirka.

Ga yadda aikinta yake. Ƙasa tana jawo kowane abu, amma jan ya fi ƙarfi ƙanƙane bisa dutse mai nauyi. Da na'urar da ke jin wannan bambanci ta auna dutsen Riruwai mai kuza, a kudancin ƙasar Kano, aka buga bayanin cikin 1968. Masu nemo ruwa kuwa wutar lantarki suke turawa cikin ƙasa, su duba inda ta fi wucewa da sauƙi, amma duk reshen ilmi ɗaya ne.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa abu biyu. Na fari, kada kowa ya sa inji a gidansa sai masani ya auna. Na biyu, yarinyar da Allah Ya ba basirar lissafi, kada a tsinke mata karatu. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Allah Ya sa mu gane.

Haza wasalam.