Kunamar ruwa na ƙarewa: wa zai biya masuncin da ya sake ta?

Akwai wani kifi a kogin Kwara da Binuwai da masunta Hausawa ke kira kunamar ruwa. Faffaɗa ne kamar faifai, faɗinsa bai cika wuce santimita 40 ba, yana kwanciya cikin yashi, kuma a wutsiyarsa akwai ƙaya mai dafi. Wanda ya taka shi ba ya mantawa. Masana sun ba shi sunansa na kimiyya a 1962, suka raɗa masa sunan garin Garwa na Kamaru. Yau ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a sahun waɗanda ke dab da ɓacewa.

Mai karatu a Zangon Wagadugu zai ce, to mu ina ruwanmu, tunda ba kifin Nakambe ba ne? Ruwanmu a ciki shi ne su sana'ar danginmu ce. Sarkawan Kabi da Yawuri sun daɗe suna bin koguna da taru da mamari har ƙasashen maƙwabta, kuma cinikin banda na hannun 'yan kasuwarmu. Abin da ya sami kunamar ruwa zai iya samun giwan ruwa a Bagre ko Kompienga.

Dalilan ƙarewarta ba ɓoyayyu ba ne. Karfasa na zuba ƙwai da yawa a lokaci guda, ita kuwa kunamar ruwa haihuwa take yi, 'ya'ya ƙalilan. In aka kama uwa ɗaya, an yi babban giɓi. Ga madatsun ruwa da suka sauya tafiyar kogunan: Kainji a 1968, Lagdo a saman Garwa a 1982. Ga farin shekarun 1970 da 1980. Sannan yawanci ba ita masunci ya fita nema ba, faɗawa tarunsa take yi. Mutumin da ya kwana kan ruwa, ga bashin taru, ga iyali na jira, kana ganin zai mayar da nama cikin kogi don wata takarda da aka rubuta a Turai? Sayarwa zai yi, ɗanye ko banda, kuma ni ban ga laifinsa ba.

A ƙasar Kambodiya an gwada wata dabara. A watan Yunin 2022 wani masunci a lardin Stung Treng ya kama 'yar'uwarta ta kogin Mekong mai nauyin kilo 300, kifin kogi mafi girma da aka taɓa aunawa. Maimakon ya kai ta kasuwa, sai ya kira ma'aikatan wani shiri mai suna Wonders of the Mekong. Suka auna ta, suka maƙala mata na'urar bin sawu, suka sake ta, suka biya shi kimanin dalar Amurka 600, wato wajen jika 370 na sefa a canjin lokacin. Dala biyu ke nan kowane kilo. Masunci bai yi asara ba, kifi ya tsira.

Sai dai fa zanen aro ba ya rufe katara. A lokacin, kuɗin wannan shiri daga hukumar agaji ta Amurka, USAID, yake fitowa, ita kuwa gwamnatin Trump ta rushe ta a 2025. Duk tsarin da ya dogara da aljihun baƙo, ranar da baƙon ya tafi ya mutu. Kuma tamu kunamar ƙarama ce, ba ta da girman da zai jawo 'yan jaridar duniya su zo ɗaukar hoto.

A ganina mafita tana gida. A Argungu, Sarkin Ruwa na hana su a Matan Fada har sai ranar biki, jama'a kuma suna bi, domin sun san wanda ya kafa dokar kuma suna ganin amfaninta a girman kifin da ake fitarwa. UNESCO ma ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. Nan Burkina Faso akan rufe su na wani lokaci a manyan madatsu don kifi ya hayayyafa. Abin da ya rage shi ne amsar tambayar masunci: me zan ci a watannin da aka rufe? In sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta da dillalan banda suka ware ɗan wani abu daga kowane kwali da aka sayar, asusun zai iya biyan wanda ya saki kunamar ruwa mai ciki, ya kuma rage masa raɗaɗin lokacin hutu. Dillali ma yana da riba a nan, don in kogi ya bushe da kifi, rumfarsa ce ta farko da za ta rufe.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, cin naman ruwa halal ne, babu gardama. Amma addinin da ya halatta shi ya hana ɓarna da almubazzaranci. Malamanmu su faɗi wannan a wa'azi, 'yan kasuwarmu su fara asusun, gwamnatocin Najeriya da Kamaru kuma su zauna da sarakunan ruwa kafin su rubuta kowace doka.