Kisan 'yar jaridar Malta: Yadda binciken caca da na wani kisa suka kai ga masu bam

A watan Yunin 2025 wata kotu a Malta, ƙaramar ƙasar tsibirin nan da ke tsakanin Italiya da Libiya, ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin rai-da-rai a shari'a guda, amma kan kisa biyu da shekara biyu ta raba. Na farko kisan wani lauya ne, Carmel Chircop, wanda aka harbe a gareji a watan Oktoban 2015 saboda rikicin bashi. Na biyu kisan 'yar jarida Daphne Caruana Galizia ne, wadda bam ya tashi da motarta kusa da gidanta a ƙauyen Bidnija ranar 16 ga Oktoba, 2017. Lauyan bai shiga harkar jarida ba, ita kuma ba ta da hannu a bashin. Abin da ya haɗa su shi ne gungun 'yan ta'adda guda, da kuma bakin mutum ɗaya da ya yarda ya yi magana.

Duk wanda ya bi wannan shari'a zai lura cewa binciken kisan shi kaɗai bai kai ko'ina mai nisa ba. Kusan kowane babban mataki da aka taka, wani binciken ne na daban ya buɗe ƙofarsa.

Tun a farko haka aka yi. Da saƙon tes aka tayar da bam ɗin, kuma ƙwararrun hukumar FBI ta Amurka sun taimaka wajen tace bayanan turakun sadarwa har aka gano layukan da aka yi aikin da su, aka kuma gano cewa daga wani jirgin ruwa a bakin teku aka aika saƙon. Sai dai layi ba suna ba ne. Abin da ya taimaka wajen ɗora suna a kan layin shi ne, hukumar leƙen asirin ƙasar ta riga ta dasa kunne a wayar George Degiorgio saboda wasu laifukan da ake zarginsa da su. A ranar kisan an ji shi yana neman a sa masa katin waya na Yuro biyar. A farkon Disamba aka kama shi da ɗan'uwansa Alfred da wani Vince Muscat.

Daga nan sai al'amari ya cije. An kama 'yan aiki, amma wanda ya ba da kwangilar yana waje. Wannan shi ne ciwon kowane kisan haya: mai dasa bam bai san matar ba balle ya ƙi ta, mai ƙiyayyar kuma bai taɓa bam ba. Tsakaninsu akwai dillali, kuma in ba a kama dillalin ba, shari'a kan tsaya a kan yara.

Dillalin a nan direban tasi ne mai suna Melvin Theuma, wanda ke gudanar da caca ba bisa ƙa'ida ba. Muscat ya ambaci sunansa ga 'yan sanda tun 2018, amma maganar wanda ake tuhuma da kisa ba ta isa hujjar da za ta tsaya a kotu ba, kuma kama Theuma kan kisan kai tsaye zai iya sa ya rufe baki, hujjoji su ɓace. Sai aka bi ta aljihunsa. A tsakiyar Nuwamban 2019 aka kama shi a samamen halasta kuɗin haram. A hannunsa akwai wani kwalin askirim, cikinsa kuwa muryoyin da ya naɗa a ɓoye yayin da yake magana da mutumin da ya ce ya aike shi. Ya naɗe su ne don kare ransa. Ya nemi afuwa, aka ba shi, ya ce attajiri Yorgen Fenech ne ya ba shi Yuro dubu 150 ya miƙa wa makasan. Ranar 20 ga Nuwamba sojojin ruwa suka tare Fenech yana ficewa daga ƙasar a jirgin ruwansa na shaƙatawa.

Nan ne zare na uku ya shigo, wanda ya ba tuhumar ma'ana. Watanni kafin mutuwarta, Daphne ta ambaci wani kamfani a Dubai mai suna 17 Black. Bayan rasuwarta 'yan jarida suka ci gaba da aikinta, suka fito da wata wasiƙar imel da ke nuna cewa daga wannan kamfani ake sa ran kuɗi za su shiga kamfanonin Panama na Keith Schembri, shugaban ma'aikatan fadar Firaminista, da na minista Konrad Mizzi. A Nuwamban 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters da jaridar Times of Malta suka bayyana cewa Fenech ne mai 17 Black. Shi ne kuma ɗaya daga cikin daraktocin Electrogas, kamfanin da gwamnati ta ba kwangilar tashar wutar lantarki, wanda tarin takardunsa na sirri suka faɗa hannun Daphne kafin a kashe ta. Binciken waya ya nuna wa ya danna, binciken caca ya nuna wa ya biya, binciken rashawa kuma shi masu gabatar da ƙara suka dogara da shi wajen cewa ga dalili. Fenech ya musanta, ya ɗora laifin a kan Schembri, shi ma Schembri ya musanta, kuma ba a tuhume shi da kisan ba. Guguwar dai ta yi awon gaba da kujerar Firaminista Joseph Muscat a Janairun 2020.

Kisan lauya Chircop ya shigo daga baya. A Fabrairun 2021 Vince Muscat ya amsa laifin kisan Daphne, aka ɗaure shi shekara 15, aka kuma yafe masa rawar da ya taka a kisan lauyan bisa sharaɗin ya faɗi abin da ya sani. Shaidarsa ce ta kai ga Robert Agius da Jamie Vella, waɗanda aka samu da laifin samar da bam ɗin. 'Yan'uwan Degiorgio kuwa sun amsa laifi a Oktoban 2022, kowannensu ya sha shekara 40.

Wannan dabara tana da farashi, kuma ba ƙarami ba. Mutumin da ya shirya kisa ya miƙa kuɗi da hannunsa yana yawo a waje, wanda ya taya harbe lauya an yafe masa jininsa. Iyalan Chircop suna da hakkin su tambayi dalilin da ya sa aka yi ciniki da ran mahaifinsu. Bayan haka, shaidar mai laifi gada ce mai rauni, domin wanda ya sayi 'yancinsa da magana yana da dalilin ƙara mata gishiri. Mai karatu a Najeriya ba sai an yi masa dogon bayani ba. A shari'ar kisan Kudirat Abiola, babbar kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha hukuncin kisa a Janairun 2012, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a Yulin 2013, bayan manyan shaidun gwamnati, ciki har da Saja Rogers, sun sauya maganarsu. Abin da ya bambanta Malta shi ne, maganar shaidun ba ita kaɗai ta tsaya ba. Akwai muryoyin da aka naɗa da bayanan waya, kuma waɗannan ba sa sauya ra'ayi a gaban alƙali.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Duk lokacin da bincike biyu suka haɗu, kunnuwan da ke jin sirri sun ƙaru. An shaida wa kotu cewa Theuma ya sami labarin samamen da za a kai masa tun kafin a kai. Mataimakin kwamishinan 'yan sanda Silvio Valletta, wanda kotu ta cire daga binciken a 2018 saboda matarsa minista ce, daga baya an gano ya yi tafiyar kallon ƙwallo ƙasar waje tare da Fenech. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwamitin binciken da wasu alƙalai uku suka jagoranta ya bayyana a Yulin 2021 cewa gwamnatin ƙasar ma tana da alhaki a mutuwar Daphne, domin ita ta bar yanayin da masu laifi suke ganin ba abin da zai same su.

Fenech ya sami beli a farkon 2025, bayan fiye da shekara biyar a tsare. Ranar da aka ɗaure masu bam, shi ba a fara sauraron shari'arsa a gaban masu taya alƙali yanke hukunci ba, kuma babban shaidar da gwamnati ke da shi a kansa shi ne direban tasin nan mai kwalin askirim.