Masu saida wifi na Tanut, ku bar zagin yara, ku rufe ƙofarku

Yau magana ta da masu saida tikitin wifi ce, daga Tanut har Belbeji.

Tun da Starlink ya shigo Nijar, kowa ya kafa kwano bisa rufin shago, ya sayi akwatin MikroTik, ya fara saida awa. Madalla, sana'a ce. Amma kwanan nan na ji wani mai shago yana ta faɗa wai ƴan lakkwal ɓarayi ne, suna da "abin sata" cikin salula, a hana su. Na ce a nuna mini abin. Ashe Fing ne! Wallahi sai da na yi dariya.

Fing ba ya satar komi. Aikinsa ya lissafa maka na'urorin da ke kan rezo ɗaya da kai. Babban wansa shi ne Nmap, wanda Gordon Lyon ya fitar tun 1997, kuma kyauta ne. Kowace na'ura tana da ƙofofi 65,535, Nmap yana ƙwanƙwasa su ya faɗa maka wacce ke buɗe. Shi ke nan. Ma'aikatan tsaron intanet na bankuna da shi suke fara aiki.

To ina laifin yake? Wajenka, mai gida. Tsofaffin akwatunan MikroTik suna zuwa da suna admin babu kalmar sirri, kuma da yawanku haka kuka bar su tun ranar da mai haɗawa ya koma Damagaram. Ƙofar Winbox, lamba 8291, a buɗe ga duk wanda ya sayi tikitin awa guda. A 2018 an shiga dubban irin waɗannan akwatuna a duniya ta wannan ƙofar. Ka bar rumbu ba marfi, kana zagin wanda ya ce maka a buɗe yake?

Ku kuma samari ban wanke ku ba. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba, kuma jandarma ba zai saurari "gwaji nake" ba. Ka gwada kan wifin gidanku, ko kan scanme.nmap.org da masu Nmap suka ajiye don masu koyo. In kana son duba na shago, ka nemi izinin mai shi, a gaban shaida.

Abin da ke ba ni haushi, duk sanda rezo ya lalace sai an jira mai gyara daga Damagaram, a biya masa mota da abinci. Alhali yaron da kuka kora jiya, da kun zaunar da shi, cikin rabin awa zai nuna muku ƙofar da za a rufe da kalmar da za a canza. Kuɗin shayi kawai zai karɓa.