Kujerar majalisar jiha: wanda ya daɗe a ciki shi ke da baki



Yau Legas za mu leƙa, mu duba tarihin Mudashiru Obasa, ɗan majalisar jiha mai wakiltar Agege, unguwar da 'yan uwanmu Hausawa suka daɗe da zama. Ba yabonsa muka zo yi ba, ba kuma zaginsa ba. Hanyar da ya bi ce abin dubawa.

Daga kansila ya fara a ƙaramar hukumar Agege a 1999. Daga nan ya shiga majalisar dokokin jihar Legas, kuma tun da ya shiga bai fita ba, wajen shekara ashirin ke nan. A 2015 ya zama kakakin majalisa, aka sake zaɓensa a 2019, aka kuma a 2023. Bai tsallaka Abuja ba. Ya zauna a wuri ɗaya har ya san kowane lungu na gidan.

To, ranar 13 ga Janairu 2025, yana ƙasar waje, abokan aikinsa suka tsige shi bisa zargin rashin ɗa'a da almubazzaranci da kuɗi, zargin da ya musanta. Suka ɗora mataimakiyarsa Mojisola Meranda, mace ta farko da ta taɓa riƙe wannan kujera a Legas. Da yawanmu mun yi guɗa a lokacin. Kwana 49 ta yi. Dattawan jam'iyyarsu suka shiga tsakani, ranar 3 ga Maris ta ajiye, ta koma mataimakiya, shi kuma ya dawo kujerarsa.

Abin ya yi ciwo, wallahi. Amma mu tambayi kanmu, me ya sa da aka tashi neman wanda zai gaje shi, hannu ya faɗa kanta? Don tun 2015 take majalisar tana wakiltar Apapa. Ta yi bulaliyar majalisa, ta yi mataimakiyar kakaki, tana zangonta na uku. Da zango ɗaya aka bar ta ta yi aka ce ta koma gida ta huta, ai ko sunanta ba za a ambata ba. Shi kuma abin da ya dawo da shi, jijiyoyin da ya yi ne a shekarun nan, a mazaɓa da cikin jam'iyya.

Haka gidan yake tafiya. Manyan kwamitoci da shugabanci galibi na tsofaffin hannu ne. Sabon shiga sai ya cinye shekara biyu yana koyon yadda ake gabatar da ƙuduri. Kuma kar mu raina majalisar jiha fa. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin da za a sayi magani a asibitin haihuwa, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke yin dokar kare yara da hukunta masu fyaɗe a jiha. Kowace jiha tana da kujeru tsakanin 24 zuwa 40, amma a zaɓen 2023 akwai jihohi da dama, har da Kano, da ko mace ɗaya ba ta shiga ba.

Mu kuwa mun saba: mu yi anko, mu cika fili, mu yi layi tun asuba ranar zaɓe. In an zo rabon tikiti sai a ce "Hajiya a yi haƙuri, a janye wa wane." Wadda ta samu ta shiga da kyar, zango na biyu sai a ce karɓa-karɓa ta zo. Ita karɓa-karɓar nan ba ta cika tunawa da maza masu zango huɗu ba.

Tun 2018 doka ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25, ilimin da ake nema kuma matakin sakandare ne. Ke nan 'ya'yanmu da yawa sun cancanta yau, kuma wadda ta fara da wuri ita ce ke da lokacin da za ta daɗe.

Don haka shugabannin mata na mazaɓu, don Allah a zauna da mata a fito da sunayen waɗanda za su iya neman kansila ko majalisar jiha, a miƙa wa shugabar mata ta ƙaramar hukuma tun kafin a fara sayar da fom. Inda kuma muke da mace a kan kujera, maganar janyewa ba da mu ba. A tura wannan saƙo zuwa sauran zaurukanmu.