Ɗingishin yaro bayan ƙwallo ba kullum ne tsamin jiki ba

Da an sallame sallar la'asar, filayen Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa sai su cika da yara masu buga ƙwallo, wasu da takalmi, wasu ƙafa tsirara, a kan ƙasa mai tauri. Abin so ne, don yaro mai guje-guje ya fi mai duƙufa a kan waya ƙoshin lafiya. Sai dai akwai ciwon da muke yi wa riƙon sakainar kashi, wato ciwon gaɓar kwankwaso. Yaro ya dawo yana ɗingishi, a ce tsamin jiki ne, a gasa masa da ruwan zafi, gobe ya koma fili.

Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. A jikin yaro, ƙarƙashin wannan kan akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo ta wurinsa, kuma ba ya gama ƙwari sai bayan balaga. A nan matsala ta fi faruwa.

Na farko, binciken da aka yi a makarantun koyon ƙwallo na Holan da Ingila ya nuna cewa atisaye mai tsanani a shekarun balaga yana sa gefen kan ƙashin ya yi tudu. Da yawa ba sa jin komai, amma wasu tudun yana gogar bakin gurbin, su riƙa jin ciwo a matsematsi in sun tsuguna ko sun daɗe a zaune, kuma hakan na iya kai su ga ciwon gaɓa tun ba su tsufa ba.

Na biyu, kan ƙashin yana iya zamewa daga mazauninsa, galibi tsakanin shekara 10 zuwa 16, musamman ga yaro mai ƙiba. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne, sau da yawa yaron gwiwa yake nunawa, alhali ciwon a sama yake. Za a ga yana ɗingishi, tafin ƙafar yana karkata waje. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne. Ja da murɗawa na iya ƙara zamewar, har jini ya daina isa kan ƙashin. A hana shi taka ƙafar, a kai shi asibiti a ranar.

Na uku shi ne namu na gida: sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, kimanin 150,000 a shekara. Cutar kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin cinya jini, sai ƙashin ya fara mutuwa a hankali. In an gano da wuri, ana iya jinkirta lalacewar. In an makara, sai dai a sa gaɓar ƙarfe.

A 2022 masana daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin na Jami'ar Oxford, sun fitar da jerin tambayoyin da ya kamata bincike ya sa a gaba kan kwankwason matasa, ciki har da bin yara tsawon shekaru don a gane wa zai kamu da ciwo. Amma mafi yawan abin da aka sani yanzu daga samarin Turai ya fito, masu wasa a kan ciyawa da likita a gefen fili. Namu tambayoyin daban ne. Yaya ƙasa mai tauri take yi wa gaɓar yaro? Wane irin wasa ya dace da mai sikila? Ina labarin 'yan kokawa, 'yan langa da 'yan mata masu tsere? Asibitin Ƙashi na Dala da Jami'ar Bayero suna da ƙwararrun da za su iya wannan aiki, idan gwamnatin Jigawa ta buɗe musu makarantunmu ta kuma sa kuɗi.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Wani bincike da aka buga a 2014 kan matasan 'yan ƙwallo a Legas ya nuna cewa tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+ ya rage raunuka da kashi 41 cikin 100. Ba ya buƙatar kayan aiki sai ƙwallo, kowane koci zai iya koya. Iyaye kuma su san rukunin jinin ɗansu kafin ya shiga kulob. A bar masa kwana ɗaya ko biyu na hutu a mako, kada ya buga wa makaranta da safe, ya buga wa unguwa da yamma. A guji sayo maganin kashe zafi a kemis don ya samu ya buga wasan ƙarshe, domin ɓoye ciwon yake yi, ba warkarwa ba.

Ɗingishin da ya wuce mako guda, ko wanda ya zo da zazzaɓi, ko ciwon da ke tashin yaro cikin dare, a nufi Babban Asibitin Kazaure, a roƙi likita ya duba kwankwason duka biyu, ko da gwiwa yaron yake kuka da ita. In an tura ku Dala, ku tafi. Kofin unguwa ana sake buga shi baɗi, gaɓar da ta lalace kuwa ba ta komawa yadda take. Masu horas da yara, muna jiran jin yadda kuke yi a filayenku. Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya.