Mataimakan da ke koya wa garkuwar jiki tunawa

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai rukuni biyu da aikinsu ya sarƙe da juna: makasa, waɗanda likitoci ke kira CD8, da mataimaka, wato CD4. Makasa ne ke farautar ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga, ko waɗanda suka rikiɗe suka zama na ciwon daji, su hallaka su. Idan cuta ta shigo, cikin mako guda sukan hayayyafa su zama runduna. Da ƙura ta lafa, kusan tara cikin goma sai su mutu. 'Yan ragowar nan ne ke riƙe kamannin cutar, suna dakon ranar da za ta dawo.

Ingancin ragowar a hannun mataimaka yake. A cikin kaluluwa ake haɗuwa, inda wata ƙwaya mai suna dendiritik ke kawo ɓurɓushin cutar. Wani bincike da aka yi a 1998 ya nuna cewa mataimaki ne ke fara taɓa ta ta wata maɗaura da ake kira CD40, tamkar ya ba ta izini, sannan ita kuma ta horar da makashi. A 2003 ƙungiyoyin masana uku, ciki har da ta Michael Bevan a Amurka, suka gwada ɓerayen da ba su da CD4. A karon farko makasansu sun taɓuka abin kirki, amma da cutar ta dawo sai suka kasa yaɗuwa. Bayan shekara biyu aka gano cewa irin waɗannan marayun makasa, in aka sake zaburar da su, sukan fitar da sinadarin TRAIL, su mutu ta dalilinsa. A cutar da ta daɗe a jiki kuma, sinadarin IL-21 da mataimaka ke fitarwa ne ke hana makasa gajiya.

Wannan ba zancen ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Ƙwayar cutar ƙanjamau mataimakan nan take ci. Lafiyayyen mutum na da 500 zuwa 1,500 a kowace maikurolita ta jini. In suka faɗi ƙasa da 200, cuta ta yi nisa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara magani da zarar an gano cutar, ko nawa ne adadin CD4, kuma shawarar daidai ce. Duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar, ya fara shan magani tun mataimakansa na da yawa.